Wa Ake Yi wa Makoki? Kishin Ƙasa, Nakasa da Ra'in Bauɗiya a Amurka Bayan Harin 11 ga Satumba

1.0 Gabatarwa

A ranar 11 ga Satumba, 2001, mahara 19 suka ƙwace jiragen saman fasinja huɗu a Amurka. Biyu suka daki tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York, ɗaya ya faɗa kan ginin ma'aikatar tsaro na Pentagon, na huɗu kuma ya faɗi a wani fili kusa da Shanksville, cikin jihar Pennsylvania. Mutum 2,977 suka rasa rayukansu, ban da maharan, kuma 343 daga cikinsu 'yan kwana-kwanan New York ne.

Duk ƙasar da irin wannan bala'i ya auka wa, tun kafin ta gama binne mamatanta takan fara ba kanta labarin abin da ya same ta, ta hanyar jawabin shugabanni da hotuna da shafukan ta'aziyya da finafinai. Wannan labari yana da taurarinsa, yana kuma da waɗanda ya bari a gefe. Manufar wannan takarda ita ce auna ayyukan masana uku, wato Judith Butler da Jasbir Puar da Robert McRuer, ta hanyar gwada su a kan labarin da Amurka ta ba kanta. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, ra'ayoyinsu sun yi ƙarfi wajen gano sharuɗɗan da ƙasa ke gindayawa kafin ta yi wa mutum makoki, amma nakasassu ne suka fi fito da muhimmancin waɗannan sharuɗɗa, domin a wurinsu maganar ta kai ga wanda zai fita daga gini da rai da wanda za a biya wa kuɗin magani.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Kishin Ƙasa

A Hausa, kishin ƙasa yabo ne. A fagen nazari kuwa, ana amfani da kalmar ne don nufin aƙidar da ke sa miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba su ɗauki kansu a matsayin jiki guda. Benedict Anderson (1983) ya kira ƙasa al'ummar da aka ƙirƙira a zuci, ya kuma nuna rawar da jarida da littafi suka taka wajen ƙirƙirar ta. Abin lura a nan shi ne, idan ƙasa jiki ce, to dole a tambaya: jikin wa? Na namiji ko na mace, na mai lafiya ko na gurgu?

2.2 Nakasa

Masu fafutukar nakasassu a Ingila, tun daga shekarun 1970, sun bambanta abu biyu. Akwai lahanin da ke jikin mutum, akwai kuma shingen da al'umma ke gina masa. Mike Oliver (1983) ne ya raɗa wa wannan fahimta suna, wanda za a iya fassarawa da kallon nakasa ta fuskar zamantakewa. Misali, rashin ƙafa lahani ne, amma benen da ba shi da hanya sai matakala shi ne ke mayar da mai keken guragu wanda ba zai iya shiga ko fita ba. Harshe ma yana cikin shingen. Bahaushe kan ce “gurguwar shawara” ko “an gurgunta tattalin arziki”, inda jikin gurgu ya zama ma'aunin duk abin da ya lalace. Ingilishi ma yana da irin wannan salo.

2.3 Ra'in Bauɗiya

Turawa suna kiran wannan ra'i da kalmar kwiya, wadda asalin ma'anarta ita ce abin da ya fita daban, daga baya ta zama zagi ga masu neman jinsinsu, sannan su da kansu suka karɓe ta suka mayar da ita suna. Wannan takarda ta zaɓi “bauɗiya”, daga aikatau “bauɗe”, saboda tana ɗauke da wannan tarihi na zargi. Ra'in ya kafu ne a farkon shekarun 1990 a jami'o'in Amurka, ta hannun masana irin su Teresa de Lauretis da Eve Kosofsky Sedgwick da Butler. Babbar tambayarsa ita ce: ta yaya al'umma ke yanke abin da za a kira daidai game da jinsi da iyali, kuma wa ke biyan farashin wannan hukunci?

Ya kamata ɗalibi ya lura da abu biyu. Na farko, nazarin ra'i daban, amincewa da shi daban. Ana koyonsa ne a matsayin kayan aikin karatun matani. Na biyu, kalmomin Hausa ba su yi daidai da na Ingilishi ba. “Luwaɗi” da “maɗigo” suna ambaton aiki ne tare da hukuncin addini a kansa. “Ɗan daudu” kuwa, kamar yadda Rudolf Gaudio (2009) ya nuna a bincikensa na Kano, ya fi nuni ga salon magana da sana'a da mu'amala irin ta mata. Saboda haka aka yi amfani da “masu neman jinsinsu” a nan, don ita ce ta fi kusa da siffantawa kawai.

3.0 Butler da Rabon Makoki

A littafinta Precarious Life (2004), Butler ta kawo hujjar cewa makoki a bainar jama'a rabonsa ake yi, kuma ba a raba shi daidai. Shafin ta'aziyya a jarida, a ganinta, wuri ne da ƙasa ke bayyana rayuwar da ta cancanci a kira ta rayuwa. Wanda aka yi wa kuka an shaida cewa ya rayu. Wanda ba a ambata ba tamkar bai taɓa zuwa duniya ba.

Matanin da ya fi dacewa da wannan hujja shi ne jerin gajerun tarihin mamatan da jaridar New York Times ta riƙa bugawa kullum daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen 2001. Tarihin suna da taɓa zuciya, amma idan aka karanta su da yawa a jere, sai a ga zubi guda yana maimaituwa: uba mai son 'ya'yansa, uwa mai haɗa kan gida, saurayin da ke shirin aure. Butler ta lura cewa ba a yi maraba da rayuwar masu neman jinsinsu cikin wannan hoton ƙasa da ake ginawa ba, balle ta mutanen da yaƙe-yaƙen Amurka suka kashe a wasu ƙasashe.

Akwai abin da ya goyi bayanta. Kwana biyu bayan harin, mai wa'azin Kirista Jerry Falwell ya fito a talabijin ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan masu neman jinsinsu da masu rajin 'yancin mata da masu zubar da ciki, yana cewa su suka jawo fushin Ubangiji. Daga baya ya nemi gafara. Haka kuma hoton da ƙasa ta zaɓa ya wakilce ta shi ne na 'yan kwana-kwana uku, ƙarfafan maza, suna ɗaga tuta a kan ɓaraguzai, wanda Thomas Franklin ya ɗauka, har aka buga shi a kan sarki a 2002. Shi kuwa hoton da Richard Drew ya ɗauka na wani mutum yana faɗowa daga bene, jaridu sun buga shi washegari, masu karatu suka yi ca, sai aka janye shi daga idon jama'a na tsawon lokaci. Ƙasa ta zaɓi jikin da ke tsaye, ta kawar da kai daga jikin da ke faɗuwa.

Sai dai kuma hujjar Butler ba ta bayyana komai ba, domin biyu daga cikin fitattun jaruman wannan rana masu neman jinsinsu ne, kuma an yi musu makoki a idon duniya. Wannan giɓi ne Puar ta shiga.

4.0 Puar da Shigarwa Bisa Sharaɗi

Mutum na farko shi ne Mark Bingham, ɗan shekara 31, ɗan wasan rugbi, wanda ke cikin jirgin da ya faɗi a Pennsylvania, kuma ake kyautata zaton yana cikin fasinjojin da suka yi yunƙurin ƙwace jirgin daga hannun maharan. Na biyu shi ne Mychal Judge, limamin Katolika na hukumar kwana-kwana, ɗan shekara 68, wanda aka rubuta a matsayin mamaci na farko a rajistar birnin. Bayan rasuwarsa ne abokansa na kusa suka bayyana cewa yana daga cikin masu wannan ɗabi'a, ko da yake ya riƙe alkawarinsa na limanci.

A littafinta Terrorist Assemblages (2007), Puar ta ce irin wannan karɓa tana da farashi. Ƙasa na buɗe ƙofa ga wasu daga cikin masu neman jinsinsu, wato farare, masu abin hannu, masu kamannin jarumta, masu ɗaga tuta. Daga nan sai ta riƙa nuna wannan karɓa a matsayin shaidar wayewarta, ta kuma mayar da ita makamin da take auna wasu al'ummomi da shi, musamman Musulmi. Ita kuwa bauɗiyar da aka wanke daga jikin ɗan ƙasa, sai aka shafa ta a jikin abokin gaba, aka riƙa zana ɗan ta'adda a matsayin mai gurɓatacciyar ɗabi'a. Puar ta kawo misalin hotunan gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi da suka fito a Afrilun 2004, inda sojojin Amurka suka tuɓe fursunoni suka tilasta musu ayyukan batsa. Abin da ya ja hankalinta shi ne yadda masu sharhi suka yi ta maimaita cewa wannan ya fi zafi ga Balarabe saboda al'adarsa. Ta haka sai magana ta tashi daga kan wanda ya yi azabtarwa ta koma kan al'adar wanda aka azabtar.

Tarihi ya ba ta hujjoji masu ƙarfi. Sanata John McCain ya yi jawabin yabo a taron tunawa da Bingham a Satumbar 2001, amma a 2010 yana cikin waɗanda suka yi adawa da soke dokar da ta hana irin su Bingham aikin soja a fili. Dokar ta ci gaba da aiki har 2011, kuma a ƙarƙashinta an sallami sojoji masu jin Larabci a daidai lokacin da ake nemansu ruwa a jallo. Har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2003, fiye da jihohi goma suna da dokar da ta haramta irin wannan mu'amala. Wato ke nan, an karɓi mamaci a matsayin gwarzo, an bar mai rai a inda yake.

5.0 McRuer da Darasin Matakala

McRuer bai rubuta Crip Theory (2006) don wannan bala'i ba, amma abin da ya kawo yana buɗe wata ƙofa. Ya ɗauki ra'ayin Adrienne Rich (1980) cewa al'umma na tilasta wa kowa tsarin namiji da mace, ya ce haka ma take tilasta wa kowa cikakkiyar lafiyar jiki, kuma tilas ɗin biyu suna jingine da juna. Mutumin da ake ɗauka cikakke shi ne mai aure, mai ƙarfi, mai aiki, mai haihuwa. Ba wanda zai dawwama a wannan matsayi, tunda ciwo da tsufa suna jiran kowa, amma da shi ake gina gida da ofis da doka.

Ga yadda wannan ya bayyana a ranar harin. Ed Beyea ma'aikacin kwamfuta ne a hawa na 27 na benen arewa, kuma jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Jirgin ya daki benen ne a can sama da hawa na 90, kuma ginin ya yi minti 102 kafin ya rushe. Abokin aikinsa, Abe Zelmanowitz, yana iya sauka, amma ya ƙi tafiya ya bar shi. Suna jiran taimako ginin ya rufta da su. A jawabinsa na 14 ga Satumba a babban cocin Washington, Shugaba George W. Bush ya ambaci wannan labari a matsayin misalin halin kirkin Amurkawa.

Ba wanda zai rage darajar abin da Zelmanowitz ya yi. Abin da mai nazari zai duba shi ne ginin labarin. Mai lafiya shi ne mai aikatawa, nakasasshe kuwa dalili ne kawai da ya ba wani damar nuna jarumta. David Mitchell da Sharon Snyder (2000) sun bayyana irin wannan salo a adabi, inda nakasa ke zama sandar da labari ke dogarawa. Da zarar an ba da labarin ta wannan fuska, tambayar da ta fi muhimmanci sai ta ɓace: me ya sa mutumin da ke ƙasa da wuta da fiye da hawa sittin bai sami hanyar sauka ba?

Wani labari daga wannan bene yana ba da amsa. John Abruzzo, akawu mai irin wannan nakasa, yana hawa na 69. Lokacin da aka tayar da bam a cibiyar a Fabrairun 1993, saukar da shi ta ɗauki kimanin sa'a shida. Bayan haka ne aka sayi kujeru na musamman masu gangarawa a kan matakala. A 2001 abokan aikinsa suka ɗora shi a kan ɗaya, suka sauko da shi cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, ya tsira. Mutumin bai canza ba, lahaninsa bai canza ba, kujera ce ta ƙaru. Wannan shi ne kallon nakasa ta fuskar zamantakewa a aikace. Bugu da ƙari, binciken gwamnati na 2005 ya nuna cewa kimanin kashi 6 cikin 100 na waɗanda suka tsira sun ce suna da matsalar tafiya, abin da ke nuna cewa ba mutum ɗaya ko biyu ake magana a kai ba. Duk da haka, a Nuwambar 2013 wata kotun tarayya ta sami birnin New York da laifin rashin tanadi ga nakasassu a shirinsa na gaggawa, shekara 12 bayan harin, kuma shekara 23 bayan dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990.

6.0 Nakasar da Ta Zo Daga Baya

Bala'i ba ya tsayawa ga nakasassun da ya tarar. Shi ma yana haifar da nasa. Mako guda bayan harin, shugabar hukumar kare muhalli, Christine Todd Whitman, ta shaida wa jama'a cewa iskar yankin ba ta da haɗari. Dubban ma'aikata suka yi watanni suna tono a cikin ƙurar siminti da gilashi da sinadarai. Asusun diyyar da majalisa ta kafa, wanda Kenneth Feinberg ya jagoranta, ya biya fiye da dala biliyan 7, amma ya rufe karɓar buƙatu a Disambar 2003, kafin cututtukan huhu da sankara su bayyana a jikin mutane da yawa. Sai a Janairun 2011 aka sa hannu a dokar James Zadroga, mai ɗauke da sunan wani ɗan sanda da ya rasu a 2006, wadda ta sake buɗe asusun. A 2019 sai da marasa lafiya suka koma gaban majalisa kafin a tsawaita shi. A Satumbar 2023 hukumar kwana-kwana ta sanar cewa ma'aikatanta da cututtukan wurin suka kashe sun kai 343, daidai da waɗanda suka mutu a ranar.

Wato ɗan kwana-kwanan da ya dace da hoton kan sarki yana tsaye, da ya koma mai tari da tukunyar iska sai da ya yi shekaru yana roƙo. Finafinai ma sun bi wannan sahu. Fim ɗin Oliver Stone mai suna World Trade Center (2006) ya bi 'yan sanda biyu da ɓaraguzai suka danne, ya ƙare da su a tsakiyar iyalansu, sun rayu. Rauni a nan mataki ne da ake wucewa zuwa ga waraka, kamar yadda ake son ƙasa ta warke. Ciwon da ba ya warkewa ba shi da gurbi a irin wannan zubi.

A littafinta na baya, The Right to Maim (2017), Puar ta faɗaɗa maganar. Ta bambanta nakasar da hukuma ta amince da ita, mai suna da haƙƙi da diyya, da raunanawar da ake yi wa al'ummomi gaba ɗaya ta hanyar yaƙi da talauci, wadda ba ta shiga rajista. Sojan Amurka da ya rasa ƙafa a yaƙin Afganistan, wanda aka fara a Oktoban 2001, ko na Iraƙi, wanda aka fara a Maris 2003, yana iya zama alamar juriyar ƙasa. Ɗan Afganistan ko ɗan Iraƙin da ya rasa tasa ƙafar a wannan yaƙi ba ya cikin labarin.

7.0 Inda Ra'ayoyin Suka Gaza

Duk da wannan ƙarfi, akwai raunin da ya kamata a ambata. Na farko, Puar tana kallon duk wata karɓa da ƙasa ta yi da idon zargi, har ya zama kamar neman shiga cikin doka laifi ne. Amma asusun diyya ya dogara ne da dokokin gado na jihohi wajen gane wanda zai karɓi kuɗi, kuma a 2001 babu jihar da ta amince da auren jinsi. Saboda haka wanda abokin zamansa ya mutu ba tare da wasiyya ba yana iya tashi a tutar babu, sai da gwamnan New York, George Pataki, ya ba da umarni a Oktoban 2001 cewa a sa irinsu cikin tallafin jiha. Ga wannan mutum, shiga cikin doka kuɗin haya ne da na abinci. Haka ma kujerar Abruzzo da hukuncin 2013, dukkansu sun fito ne daga hannun hukumomin da ra'in ke zargi.

Na biyu, haɗa nakasa da bauɗiya a ƙarƙashin inuwa guda, kamar yadda McRuer ya yi, yana iya ɓoye bambancinsu. Ana iya cewa al'umma ce ke yanke abin da ya dace a jinsi, amma huhun da ƙura ta lalata yana ciwo ko al'umma ta yarda ko ba ta yarda ba. Jiki magayi, in ji Bahaushe.

Na uku, harshen waɗannan littattafai, musamman na Puar, yana da nauyi ƙwarai, har ɗan Ingilishi ma kan sha wuya. Ra'in da ke magana a madadin waɗanda aka bari a gefe, amma su ba za su iya karanta shi ba, yana da tambayar da zai amsa. Na huɗu kuma, an gina ra'ayoyin ne a kan tarihi da doka da harshen Amurka. Ɗaukarsu a ɗora wa wata al'umma ba tare da duba kalmominta da addininta da tsarinta ba zai zama irin kuskuren da su kansu suke suka.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun masana uku a kan labarin da Amurka ta ba kanta bayan 11 ga Satumba, 2001. Butler ta nuna cewa ana raba makoki. Puar ta nuna cewa wanda aka shigar, bisa sharaɗi aka shigar da shi, kuma ana iya amfani da shi a kan wani. McRuer ya ba da hanyar ganin cewa jikin da ƙasa ke siffanta kanta da shi jiki ne mai cikakkiyar lafiya. An kuma ga cewa ra'ayoyin sun fi amfani idan an tsare su kusa da abin da za a iya ƙirgawa, kamar hawa nawa, minti nawa, dala nawa, shekara nawa.

Ga ɗalibin harshe, abin da ya rage shi ne hanyar karatu. Idan ya sami jawabin ta'aziyya ko waƙar makoki ko rahoton jarida bayan wani bala'i, a kowane harshe, yana iya tambayar matanin abu huɗu: wa aka ambata da suna, wa aka bari a cikin adadi, wa aka sa a gurbin mai aikatawa, kuma jikin wa aka ara don siffanta ƙasa. Amsar waɗannan tambayoyi takan fito ne daga nahawun matanin kansa, wato daga zaɓin suna da aikatau da siffa.